Layi Mai Hula

Wanda bai ga dawowar Jatau daga Yamai ba ya yi asarar kallo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da Faransawa suka miƙa mulki, ana tsakiyar bazara. Kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke shi a Dogon Dutsi, amalanken jaki ya ƙarasa da shi Garin Maikano, can gefen Dumega. Ya shigo gari a zaune bisa buhun gishiri, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da tabarau mai ido ɗaya a tsage, da alƙalami uku a aljihun gaba, biyu daga cikinsu ba su taɓa rubutu ba tun da ya tsince su.

Karatun Jatau a lakwal aji huɗu ne, ya bar shi ranar da mushe, malamin ajinsu, ya sa hannu a aljihu ya tarar da ƙadangaren da Jatau ya saka masa. Aikin da ya yi a Yamai kuwa, taubashiyarsa Baturiya ce ta samo masa. Ita tana aiki a wani ofishi mai injin lissafi da ake kira ordinatar. Masana su rubuta umarninsu a takarda, ita ta zauna ta buga, kowane layi ya zama kati mai ramuka, a tara katunan a akwati a kai wa inji ya karanta. Jatau shi ne mai ɗaukar akwatin daga ɗakinta zuwa ƙofar ɗakin inji. A ƙofar yake tsayawa. Wata bakwai ya yi yana wannan, har ranar da ya yi tuntuɓe a matakala, kati dubu biyu suka watse. Ya tattara su, ya jera su yadda hankali ya ba shi, masu tsabta a sama, masu datti a ƙasa. Da marece aka sallame shi.

A gida cewa ya yi shi ya baro su, don injin ya fara kishi da shi.

Ya tarar da garin a hargitse saboda rijiya. Tsofaffin rijiyoyi sun ƙafe, saura ta siminti guda ɗaya da gwamnati ta gina bara, mai gaba ashirin. Kullum safe sai an yi dambe a bakinta. Shanun Ardo Inusa, shugaban Filanin rugar gabas, su zo da ƙishirwa. Mata su zo da tuluna, Iya Ajuma a gabansu, uwar Baturiya, ƙanwar uban Jatau, wadda bakinta ya fi na kowa kaifi a garin. Dawakin Maigari Maikano su ma ba su san jira ba. Sau uku aka zauna a raba lokaci, sau uku aka tashi baram-baram, don duk wanda aka ba rabon sai a ce ƙanin wane ne ko surukin wance.

A zama na huɗu Jatau ya ratso mutane, ya tsuguna gaban Maigari, ya gyara tabarau.

"Ranka shi daɗe, wagga rigima ta yara ce. A Yamai akwai injin da ba shi da ƙane, ba shi da suruki, ba ya cin goron kowa. A ba shi sunaye, ya raba muku safe da hantsi da marece kafin ka tauna goro ka tofar."

Ardo Inusa ya jingina da sandarsa ya ce, "Shi injin nan ya taɓa ganin saniya?"

"Ardo, injin da ya san yawan ruwan saman da ya zuba tun daga Gaya har Bilma, saniya ce za ta gagare shi?"

"To Hausa yake ji ko Fillanci?"

"Fotiran yake ji. Mu uku ne munka iya shi a ƙasar nan: ni, da wani Bature, da wani Baturen kuma wanda ni nake gyara mishi."

Daga bayan maza Iya Ajuma ta ce, "Ni dai Baturiya ta aiko mini cewa akwati kake ɗauka."

"Gwaggo, maganar inji duka a akwatin take. Wanda ya ɗauki akwatin ai bakin inji ya ɗauka."

"In injinka bai raba ba fa?"

Nan ne ya kamata Jatau ya yi tari ya nemi ruwa. Amma idon gari duka yana kansa, shi kuwa ba abin da ke sa shi maye kamar ido. Ya miƙe tsaye ya bugi ƙirji.

"In bai raba ba, ni Jatau, ni kaɗai zan ja wa garin nan guga, mutum da dabba, tun daga ranar har ruwan farko ya sauka."

Maigari ya ce in kuwa ya raba, za a naɗa wa Jatau rawani a kira shi Sarkin Rijiya. Liman Isa ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, magana ta ƙullu.

Kashegari da hantsi aka taru a gindin gawo. Jatau ya zo da wani ƙyauren ƙofa da gawayi, da damin takardun da ya kwaso daga ofis, kowane layi a cikinsu an yanka shi ƙananan gidaje tamanin. Cikin rigarsa kuma akwai wata tsohuwar takarda rubutacciya da ya tsinta a kwandon shara, ita ce duk jarinsa. Dokokin da zai faɗa na gaskiya ne, ya ji su ne a bakin ƙofa lokacin da Baturiya ke koya wa sababbin ƴan mata aiki, shi yana ɓare gyaɗa.

"Doka ta farko," in ji shi, "layi ɗaya, umarni ɗaya. Inji ba ya son a haɗa mishi magana biyu a numfashi guda."

"Ba zai zauna da Ajuma ba ke nan," in ji Ardo.

"Shi ma ba zai zauna da mai ƙirga shanu a mafarki ba," in ji Iya Ajuma.

"Doka ta biyu, kowane harafi da gidansa, ba ya leƙa gidan maƙwabci. Umarni kuma daga gida na bakwai yake farawa."

Liman ya tambaya, "Shida na farkon fa, na wa ne?"

"Zaure ne, Allah gafarta Malam. Wa ke faɗawa cikin gida bai bi ta zaure ba?"

Liman ya gyaɗa kai, ya ce lalle injin yana da tarbiyya.

Jatau ya zana baka biyu a ƙyaure, ɗaya na kallon ɗaya. "Doka ta uku, in ka buɗe wanga sai ka rufe da wancan. Kamar akurki ne. Ka bar shi buɗe, inji ya wuni yana neman kajinsa, aikinka ya tsaya. Doka ta huɗu, layin ƙarshe sai an rubuta END, watau an ƙare. In bai gan shi ba, bai san kun yi shiru ba. Doka ta biyar, suna kada ya wuce harafi shida."

Ya juya ya fara rubuta sunan Maigari, yana ƙirgawa da ƙarfi don a ga ya iya. Da ya kai shida sai gawayin ya tsaya a hannunsa. Saura harafi ɗaya a waje.

"Mi ya faru?" in ji Maigari.

"Ba komai, ranka shi daɗe. Ɗan wutsiyar ne za a rage. Maikan."

Ardo Inusa ya ƙirga nasa da yatsu, ya ga biyar, ya ce, "Ni har gida ɗaya ya rage mini in ɗaure maraƙi."

Maigari ya tattara babbar rigarsa. "Sunan kakana ne wanga. Kumandan na Faransawa ya zo ya tahi bai rage mishi komai ba. Kai ne za ka yanke shi da gawayi?"

Jatau ya sa hannu cikin rigarsa. Ya zaro tsohuwar takardarsa kamar mai neman wata doka, sai idonsa ya faɗa kan layukan sama. A gida na farko, can bakin zaure, an rubuta harafin C, bayansa kuma ga sunan Baturen ofis zankalele, da sunan ubansa, da kwanan wata. Jatau ya tuna wata bakwai yana ganin takardu na fitowa daga ɗakin inji cike da ƙorafi, masana na dafe kai, amma bai taɓa ganin inji ya yi ƙorafi a kan layi mai wannan harafi ba. Kuma kullum sunan babba ne a wurin. Ai magana ta fito fili. A ina aka taɓa ganin an tsayar da babba a ƙofa ana ƙirga masa haruffa?

Ya yi murmushi ya ce, "Ranka shi daɗe, gwada ka nake yi in ga ko za ka yarda. Wagga doka ta talakawa ce. Manya hula ake sa musu." Ya zana C babba a farkon layin. "Layin da ya sa wagga hula, inji ba ya ƙirga shi, ba ya musu da shi, ko ido ba ya ɗagawa ya dube shi. Ka rubuta abin da ka ga dama."

Maigari ya saki rigarsa ya gyara zama. Ya ce to a sa sunansa cikakke, a sa na ubansa, a sa na kakansa wanda ya sari dajin nan, a sa kirarin gidan. Layi huɗu ya ci, kowanne da hularsa.

Liman ya matso ya duba harafin, ya ce ai jinjirin wata ne, alama ce mai albarka. Sannan ya ce akwai gyara: ba a aika wa babba saƙo ba sallama. Jatau ya ce inji ba ya son gaisuwa. Liman ya ce wanda ya san zaure ya san gaisuwa. Aka ɗauko sabuwar takarda, aka fara da sunan Allah, aka yi sallama, aka tambayi inji kwana da gajiya da zafin Yamai da mutanen gidansa. Da yake ba layin da ya yi kama da umarni a ciki, Jatau ya bi su duka ya sa musu hula.

Kafin azahar labari ya gama gari cewa akwai layi mai hula, akwai layi mai kai a buɗe.

Ardo Inusa ne ya fara zuwa, da ƙwaryar kindirmo da rago a igiya. Ya tsaya a ƙofar Jatau bai zauna ba.

"Kaɗo, an ce layina zai shiga Yamai kai ba hula."

"Ardo, naka ai ya shiga lafiya, harafi biyar ne."

"Watau don sunana gajere ne za a tsayar da ni a ƙirga ni, Maikano ya wuce a kan doki? Ni ma ina da uba. Ina da kaka. In ana son dogon suna, in fara tun daga Sakkwato."

Jatau ya dubi ragon, ragon ya dube shi. Ya zaro alƙalamin da ke rubutu. Ardo bai tafi ba sai da aka buɗe wa bijiminsa layi na kansa, shi ma da hula, don a cewarsa bijimin ya girmi rabin masu zama a fada.

Iya Ajuma ba ta kawo komai ba. Kunnensa ta kama.

"Mu da ke ɗaukar ruwan a ka, mu ne za mu tahi tsirara?"

"Gwaggo, hula ta maza ce."

"To ka karkata ta ta zama kallabi."

"In na karkata ta inji ba zai gane ta ba."

"To bar ta yadda take, mu mun san kallabi ce. Rubuta."

Ya rubuta, kunnensa na hannunta har ya gama unguwa uku.

Daga nan ƙofar Jatau ta zama kasuwa. Sarkin fawa ya zo da tsire, maƙeri ya zo da sabuwar fartanya, masu lambun fadama suka zo da albasa. Wanda aka sa wa hula jiya ya dawo yau ya duba ko ta maƙwabcinsa ta fi tasa girma. Jatau ya yi kwana biyar bai ci tuwo ba miyar nama ba. Yana zaune a tabarma, ana yi masa fifita, yana ba da labarin yadda injin kan yi gyaran murya in ya ji takunsa a matakala.

Ana cikin haka rigimar END ta tashi. Wanzamin garin, wanda sunansa ya zo a ƙarshen jeri, ya ji an ce layin da ke ƙarƙashinsa ma'anarsa an ƙare. Ya zo da askarsa a hannu, wai hanya ce ta biyo da shi.

"Jatau, mi na yi maka ka ajiye ni bakin kabari?"

"Wane kabari? Alama ce kawai ta an gama magana."

"To a gama ta a kan wani. Ɗiyana ƙanana ne."

Aka ɗauke wanzami aka sa maƙeri, maƙeri ya zo da guduma. Aka sa mai lambu, matarsa ta zo tana kuka. Jatau ya ce a sa bijimin Ardo, Ardo ya aiko cewa ragonsa bai manta hanyar gida ba. Aka kai magana gaban Liman. Liman ya ce shi dai a saninsa ƙarewa ta Allah ce, ba ya jin daɗin a rubuta ta tsirara a ƙarƙashin sunan musulmi. Sai Jatau ya tafa hannu.

"An gama. Shi ma END ɗin a sa mishi hula. In ya zama dattijo ba zai cuci maƙwabcinsa ba."

Kowa ya yaba da wannan hikima. Wanzami ya koma wurinsa, har ya yi wa Jatau aski kyauta.

Saura layi bakwai a tsakiyar takardun. Su ne Jatau ya kwafo harafi da harafi daga tsohuwar takardarsa, da bakansu a buɗe a rufe, kowanne ya fara daga gida na bakwai. Bai san abin da suke cewa ba, ya dai ji an ce takardar ta lissafin ruwan sama ce, shi kuwa a ganinsa ruwa ruwa ne.

Ranar da za a aika, aka shimfiɗa takardun a fada kowa ya ga layinsa. Ardo Inusa ya bi su da tsinin sanda, ya tsaya a kan bakwai ɗin nan.

"Waɗanga na wane talaka ne?"

"Su ne masu aikin. Su za su yi rabon."

"Na ce na wa ne?"

"Nawa ne. Ni na rubuta su."

Ardo ya juya ya dubi jama'a. "Ashe duk garin nan, har bijimina, mutum ɗaya ne zai shiga Yamai kai a buɗe. Sannu, Sarkin Rijiya."

Aka yi dariya. Iya Ajuma ta ce a bar shi, ai ɗan aike ba ya sa hula gaban iyayen gidansa. Jatau ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya tsuguna a gaban kowa, ya bi layukan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya danƙara musu huluna, yana maimaita alƙalami a kan kowacce har ta fi ta Maigari baƙi.

Aka naɗe takardu a fatar akuya, aka kai Dogon Dutsi, aka ba wani direban kamiyo ya miƙa wa Baturiya.

Kwana goma sha biyu aka yi ana jira. Jatau ya kai ragon Ardo kasuwar Dumega ya dawo da farin rawani kamu goma. Ya koyi tafiyar sarauta a bayan gida. In ya bi ta bakin rijiya ya tarar ana dambe, sai ya tsaya ya girgiza kai ya ce su yi na bankwana.

Ran Jumma'a Baturiya ta iso, ta zo sunan ɗan wanta. Kafin ta sha ruwa Jatau ya sa an buga ganga, gari duka ya taru a bakin rijiya, Filani da shanunsu, mata da tulunansu, Maigari a kan kujerarsa. Baturiya ta zo da wata doguwar takarda a ninke, mai ramuka a gefe da gefe. Ta ga taron, ta ga rawanin a hammatar Jatau, ta taɓe baki.

"Mushe Jatau, zo gefe mu yi magana tukuna."

"Ba gefe. Abin da inji ya faɗa a faɗe shi gaban jama'a."

"Taubashi, don Allah zo."

"Kun gani? Tun muna yara take baƙin ciki da ni. Karanta, ɗiyar Gwaggo."

Baturiya ta ce to. Ta kama bakin takardar ta saki, ta warware har ƙasa. Ta fara karantawa. Ga sallama, ga gaisuwa, ga Maikano da ubansa da kakansa da kirarinsu, duka da manyan haruffan inji. Maigari ya lumshe ido. Aka karanta Ardo, aka karanta bijimi, mata suka yi guɗa da aka zo kansu. Mai ganga ya saki hannu. Jatau ya fara naɗa rawani da kansa, yana cewa kada a wahalar da Maigari.

Da aka gama Ardo ya ce, "Madalla. To yaushe shanu za su sha?"

Baturiya ta ninke takardar. "Bai faɗa ba, Baba Ardo."

"Mata fa?" in ji Iya Ajuma.

"Bai faɗa ba, Iya. Ni na buga katunan da hannuna lokacin hutun rana, na roƙi mai kula da inji ya saka su. Abin da kunka aika ne ya maido muku. Wanga harafi da kuke ce wa hula, mu kan sa shi ne in muna son mu bar wa junanmu bayani, a ce wane ya rubuta, ranar kaza. Ma'anarsa, wagga magana ta mutane ce, inji ya tsallake. To layi ɗari da goma sha huɗu kunka aiko, duka ya tsallake."

Maigari ya buɗe ido. "Watau bai girmama ni ba?"

"Bai san da kai ba, ranka shi daɗe."

"Gaisuwar fa?" in ji Liman.

"Ni na amsa, Allah gafarta Malam, ina bugawa ina amsawa. Lafiya lau muke, zafi ne dai."

Jatau ya fizge takardar, rawani rabi a kai rabi na jan ƙasa. Ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ga wani layi guda da ba shi ya rubuta ba.

"Ga shi nan. Ga maganar inji, ta ɓoye muku. Ku saurara." Ya gyara tabarau ya kafa wa layin ido. Da Ingilishi yake, harshen da Jatau bai taɓa ko gaisawa da shi ba. "Ya ce shanu da hantsi. Mata da asuba. Dawaki kuma, dawaki ya ce su yi haƙuri."

"Duk a kalma huɗu?" in ji Baturiya. "Cewa ya yi bai ga END ba. Har yanzu yana jira ku gama gaisuwa ku faɗi abin da ya kawo ku."

Wanzami ne ya fara fashewa da dariya, sai ta kama ko'ina kamar wutar kara. Mai ganga ya kifa gangarsa ya zauna a kai yana share hawaye.

Jatau bai saduda ba. Ya ɗaga murya ya ce laifin gari ne. Shi ya rubuta layi bakwai na aiki, tsaf, ba kuskure, mutane ne suka zuga shi ya sa musu hula. Da an bar su yadda suke, da yanzu kowa ya san lokacinsa.

Ardo ya tambayi Baturiya, "Gaskiya ne? In da ya bar su fa?"

"Rubutunsu ba kuskure, Baba Ardo, ya iya kwafi. In da ya bar su, aka kuma haɗa musu sauran katunansu, da inji ya faɗa muku yawan ruwan saman da aka yi a Gaya bara waccan."

Maigari Maikano ya miƙe. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Liman ya ce, "Malam, an shafa fatiha ko ba a shafa ba?"

"An shafa."

"To a ba shi igiya."

Jatau ya duba gabas, ya duba yamma, ba gajimare ko na magani. Ya ce ƙugunsa na ciwo tun Yamai. Ya ce a bari ya sake rubutawa, wannan karon ba hula ko ɗaya. Maigari ya ce sunansa ba zai sake zuwa Yamai ba, da wutsiya ko ba wutsiya. Iya Ajuma ta zo ta warware sauran rawanin daga kansa, ta yage shi biyu, ta naɗe masa tafin hannu dama da hagu, ta ɗaure tamau.

"Ɗan wana ne kai, ba zan bari igiya ta cinye ka ba. Fara da tuluna."

A shekarar nan ruwa ya yi jinkiri. Kwana arba'in da ɗaya Jatau ya yi a bakin rijiya, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, gaba ashirin ƙasa, gaba ashirin sama. Tumbin da tsire ya fara ginawa ya koma inda ya fito. Da yake guga ɗaya ne kuma mai ja ɗaya, ba abin da za a yi wa dambe. Kuma ba wanda ke gaggawar tafiya, don kallon ya fi ruwan daɗi. Filani da manoma suka riƙa zama inuwa ɗaya a gindin gawo, suna raba goro, suna gardamar ko zai kai azahar bai zauna ba. Mace ta ce wa makiyayi ya fara shayarwa ita ba ta gaji da kallo ba, makiyayi ya ce a'a, ita ta fara.

Ana kwana na talatin wani baƙo mai raƙumi ya biyo ta wurin daga Ɗan Kassari. Ya ga taro a zaune lafiya, mutum ɗaya na ja, ya yi mamaki, don labarin damben rijiyar nan ya kai har garinsu. Ya matsa ya tambayi mai jan ko shi wane ne.

Jatau ya ɗora guga a bakin rijiya, ya gyara tabarau da bayan hannu, ya ja numfashi.

"Ni ne na zo musu da ilimin inji daga Yamai. Na ce musu zan kashe rigimar rijiyar nan, sunka yi mini dariya. Ga su nan, tambaye su. Tun ranar da takardata ta dawo, wa ya daki wani?"

Baƙo ya juya ya dubi masu zama a inuwa. Ardo Inusa ya tofar da goro ya gyaɗa kai.

"Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya daki wani. Ja, inji, bijimin bai ƙoshi ba."